Benis: Yawon Buɗe Ido Cikin Kwale-kwale A Birnin Da Titunansa Ruwa Ne

A unguwar Fadikpe da ke cikin birnin Minna, idan mutum ya yi niyyar zuwa kasuwa ko asibiti ko gidan suna, sai ya fito bakin titi ya ɗaga wa mai Keke Napep ko ɗan acaɓa hannu. Ruwa ba ya tare masa hanya sai da damina, shi ma na ɗan lokaci ne, da an ɗauke sai ƙasa ta tsotse abinta. To, a can arewa maso gabashin ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni wanda da yawa daga cikin gidajensa, idan mutum ya buɗe ƙofa, ruwa ne zai tarar yana lasar dokin ƙofar, rani da damina. Sunan birnin Benis. Larabawa kuwa Bunduƙiyya suke kiransa, watau lafazi ɗaya da kalmar nan tasu wadda Hausawa suka aro suka mai da ita bindiga.

A cikin tsohon birnin babu mota, babu babur, ko keke ma doka ta hana hawa. Hanya biyu ce kurum: ko mutum ya taka da ƙafa cikin lunguna, ko kuwa ya shiga jirgin ruwa. Marar lafiya a jirgi ake kai shi asibiti. 'Yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu kwasar shara duka da jiragensu. Mamaci ma a jirgi ake ɗaukarsa zuwa tsibirin San Mikele, inda maƙabartar birnin take.

Yadda Aka Kafa Birni A Kan Taɓo

Benis na zaune ne a kan ƙananan tsibirai 118 cikin wani makeken tafki mai ruwan gishiri, wanda 'yan siraran tudun yashi suka raba shi da Tekun Adiriyatik. Hanyoyin ruwa wajen 150 ne suka keta birnin, gadoji fiye da 400 suka haɗa tsibiran. Mutanen farko da suka zauna nan 'yan gudun hijira ne, waɗanda yaƙe-yaƙe suka koro daga tudu tun ƙarni na 5 da na 6. Sun zaɓi fadama ne domin mahayin doki ba ya iya bin su can.

Da yake taɓo ba ya riƙe gini, sai suka yi dabara. Suka riƙa saro itatuwa daga dazuzzukan tudu, suna fiƙe su, suna kakkafa su cikin laka kusa da kusa har su kai ga ƙasa mai tauri. A bisa kawunansu ake shimfiɗa katako, a ɗora farin dutse wanda ruwa ba ya ratsa shi, sa'an nan a ɗora tubali. Itacen da ya nutse cikin laka, inda iska ba ta kai gare shi, ba ya ruɓewa. Saboda haka har gobe waɗannan turaku na ɗaruruwan shekaru su ke ɗauke da fadodi da majami'u da gidajen attajirai.

Daga wannan fadama mutanen Benis suka kafa jamhuriya wadda ta yi kusan shekara dubu tana cin gashin kanta, ƙarƙashin wani zaɓaɓɓen shugaba da ake kira Doje. Ƙarfinsu fatauci ne. Jiragensu na zuwa Iskandariyya da Sham da Istambul, suna sayo kayan yaji da alharini suna sayar wa sauran Turawa. A 1797 Napoliyon na Faransa ya rushe jamhuriyar, a 1866 kuma birnin ya shiga cikin ƙasar Italiya.

Daga Tashar Jirgin Ƙasa Zuwa Babbar Hanyar Ruwa

Yawancin baƙi ta wata doguwar gada suke shigowa, mai tsawon kusan kilomita 4, wadda ta haɗa birnin da tudu. An buɗe ta jirgin ƙasa a 1846, ta mota kuwa a 1933. Mota iyakarta bakin gari, nan za a ajiye ta. Wanda ya zo a jirgin ƙasa kuma, da fitowarsa daga tashar Santa Luciya, ba abin da zai yi arba da shi sai ruwa, da jirage suna kai da kawowa kamar motoci a shataletale.

Wannan ita ce Babbar Hanyar Ruwa, wadda ta ratsa tsakiyar birnin a murɗe kamar tafiyar maciji, tsawonta kusan kilomita 4. Bas ɗin garin shi ne wani jirgi mai inji da suke kira baporeto, wanda aka fara aiki da irinsa tun 1881, lokacin yana amfani da tururi. A 2024 tikitinsa na minti 75 Yuro 9 da rabi ne ga baƙo, amma ɗan gari yana biyan abin da bai kai haka ba da nisa. Layi na ɗaya shi ne ke tsayawa kusan kowace kwata, ya tsallaka wannan gaɓa ya komo waccan, ya ci wajen minti 45 kafin ya kai ƙarshe.

Sai dai fa kada baƙo ya ɗauka zai zauna ya miƙe ƙafa. A lokacin zafi, sa'ad da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, sau da yawa jirgi yakan iso a cike maƙil, ma'aikaci ya ja ƙarfen ƙofa ya ce a jira na baya. A ciki kuwa kafaɗa na gugar kafaɗa. Ga tsohuwa 'yar gari da jakar cefane, ga magini da kayan aikinsa, ga baƙi daga Amurka da Sin da Japan kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto. Wanda Allah ya ba sa'a ya sami gefe, to, shi ne zai sha kallo.

Abin kallo kuwa akwai shi. Dama da hagu gidajen attajiran dā ne jere, fuskokinsu na kallon ruwa, domin ta ruwa ake shiga da haja da manyan baƙi. Ba a yi nisa ba za a ga wani gida mai jerin ginshiƙai a hannun dama, wanda daga 1621 aka keɓe wa fataken Daular Usmaniyya, suna sauka nan da kayansu, har da wurin salla a ciki. Yanzu gidan adana kayan tarihin halittu ne. Can gaba a hannun hagu ga wanda ake kira Gidan Zinariya, ginin ƙarni na 15, wanda a dā aka shafe adon fuskarsa da ruwan zinariya. Tagoginsa masu tsini a sama za su tuna wa mai kallo gine-ginen Misra da Sham, alama ce ta yawan cuɗanyar birnin da ƙasashen Musulmi.

Daga nan sai kasuwar Riyalto, wadda ake ci tun ƙarni na 11, inda jirage ke sauke kifi da kayan lambu da asuba. Sai kuma gadar Riyalto kanta, ta farin dutse, mai baka guda, wadda aka gama a 1591, da shaguna jere a kanta. Nan ne cunkoso ya fi tsanani. Baporeto da tasi-tasin ruwa da jiragen dakon kaya da kwale-kwale duka suna neman wucewa ta ƙarƙashin baka ɗaya, a daidai inda hanyar ta yi gwiwa. A watan Agusta na 2013 wani baƙo Bajamushe ya rasa ransa a wurin, sa'ad da baporeto ya matse kwale-kwalen da yake ciki tare da iyalinsa.

Bayan an wuce gadar Akadamiya sai hanya ta buɗe. Ga babbar majami'ar Salute mai ƙubba, wadda aka yi alkawarin ginawa saboda annobar da ta auka wa birnin a 1630. Ga tsohon gidan kwastan a bakin tsibiri. Sa'an nan jirgi ya fita sarari, a hango fadar Doje da dandalin San Marko da hasumiyarsa mai tsawon kusan mita 99, wadda ta rushe a 1902 aka sāke gina ta yadda take a 1912.

Gondola Da Matuƙinta

Amma abin da ya fi jan baƙi zuwa Benis shi ne kwale-kwalen nan baƙi wul, siriri, mai ɗagaggen kai da wutsiya, wanda ake kira gondola. Tsawonsa kusan mita 11. Ba gungume guda ake fafewa ba. Da hannu ake harhaɗa shi daga guntayen katako wajen 280 na itatuwa iri 8. Abin mamaki a ƙirarsa shi ne a karkace yake da gangan: ɓarin hagu ya fi na dama faɗi. Dalili kuwa, matuƙi a tsaye yake a baya, da filafili guda ɗaya a hannun dama. Da jirgin daidai yake, da sai ya yi ta juyawa wuri ɗaya. Karkatar ita ke sa ya miƙe sosai. A goshinsa akwai wani ƙarfe mai haƙora 6, kwatancin unguwanni 6 na birnin. Baƙin fenti kuma doka ce tun dā, wadda hukuma ta kafa don ta hana masu kuɗi gasar ƙawa da almubazzaranci.

A zamanin da birnin ke tashe gondola dubbai ne, kowane babban gida da nasa, kamar yadda kowane basarake ke da doki a turke. A wani zane da Karpaciyo ya yi a ƙarshen ƙarni na 15, ana ganin wani baƙar fata cikin ado yana tuƙa ɗaya kusa da Riyalto, shaidar cewa 'yan Afirka ma sun yi wannan sana'a. Yau saura wajen 400, kusan duka na ɗaukar baƙi. Ba kowa ke tuƙi ba sai mai lasisi, lasisi kuwa sai an yi horo an ci jarrabawar tuƙi da ta tarihin birni da harsunan waje. Kuɗin ma hukuma ce ke yankawa. Daga ƙarshen 2023 Yuro 90 ne na rabin sa'a da rana, Yuro 110 da dare, kuma kuɗin jirgi ne dungum, ko mutum ɗaya ne ko ƙungiya.

Daɗin gondola sai an bar babbar hanya an kutsa ƙananan lunguna. Nan ƙarar inji ke yankewa, ba abin da ake ji sai motsin filafili da ruwa na marin bango. Wani lungun faɗinsa da kaɗan ya fi jirgin. Matuƙi yakan sunkuya ya wuce ƙarƙashin gada, ya sa ƙafa ya tunkuɗe bango, in ya zo kwana ya yi kira da ƙarfi don wanda ke tahowa ya ji. A sama ga shanya an ɗaure daga taga zuwa taga. A ƙasa kuwa ga gansakuka ta rufe matakala, ga tubali yana zubewa, ga ƙofofin benen ƙasa da aka daina buɗewa domin ruwa ya ci ɗakunan. Da rani, idan ruwa ya janye, hanci ma yana samun rabonsa na warin laka.

Sai dai ko a lungunan akan yi jerin gwano, gondola biyar ko shida hanci da wutsiya, kowace na jiran ta gabanta. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai 'yan fito a wasu wurare na Babbar Hanyar, masu tsallakar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa a kan Yuro 2.

Zumuncin Da Ba Kowa Ya Sani Ba

Mutumin Jihar Neja da ya hau jirgi zuwa tsibirin Murano zai ga sana'ar da ba baƙuwa ba ce gare shi. Tun 1291 hukumar Benis ta kwashe maƙeran gilashi ta mai da su can don tsoron gobara. Har yanzu suna nan gaban wuta suna narka gilashi suna sarrafa shi, kamar yadda Masaga na Bida ke yin tsakiya da ƙarau. Duwatsun adon Benis kuwa sun daɗe da sanin hanyar ƙasar Hausa. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ambace su cikin hajar da ayari ke kawowa ta hamada, tare da takarda mai tambarin wata uku. Wannan takarda a masana'antun yankin Benis ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus, kuma a kanta ne malaman ƙasar nan suka rubuta littattafai da wasiƙu masu yawan gaske. Har ila yau, a Benis ne aka fara buga Alƙur'ani mai girma da injin ɗab'i cikin Larabci, wajen 1537 zuwa 1538. Aikin ya cika da kurakurai, bai karɓu ba, har aka zaci ya ɓace, sai a 1987 aka gano kwafi guda a birnin.

Ruwa Daga Ƙasa, Jama'a Daga Sama

Duk wannan ƙawa tana cikin hatsari ta fuska biyu. Ta farko ruwa. Cikin ƙarni na 20 birnin ya yi asarar tsayi kimanin santimita 23, saboda ƙasa na lotsawa, teku na tasowa, ga kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa da masana'antun tudu suka yi ta zuƙewa kafin a hana su. Da kaka da hunturu, idan iskar kudu ta haɗu da cikar teku, sai a busa jiniya, a jera dakalan katako don masu tafiya. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya kai santimita 194, ranar 12 ga Nuwamba 2019 ya kai 187. Domin maganin wannan aka gina ƙofofin ƙarfe 78 a mashigai uku na tafkin, suna kwance a ƙasan ruwa, in an hango ambaliya a hura musu iska su miƙe su tare teku. Sunan aikin Mose, watau Musa da harshensu. An fara shi a 2003, an fara tare ambaliya da shi ranar 3 ga Oktoba 2020.

Akwai kuma ɓarnar da jirage masu inji ke yi kullum. Gondola na wucewa ba ta ta da ruwa, amma kowane inji yana barin igiyar ruwa a bayansa, wadda ke dukan gindin gine-gine dare da rana tana zaizaye su. Don haka aka ƙayyade gudu a cikin birni. Manyan jiragen shaƙatawa kuma, masu hawa-hawa da suka fi fadar Doje tsawo, an hana su ratsawa ta gaban San Marko daga 1 ga Agusta 2021, shekara biyu bayan ɗaya daga cikinsu ya ƙwace ya daki kwata da wani ƙaramin jirgi.

Fuska ta biyu ita ce jama'a. Ana ƙiyasta baƙi miliyan 20 ko fiye ke shiga Benis a shekara, yawancinsu su zo da hantsi su fice da yamma. Masu gari kuwa sai raguwa suke yi. A 1951 mazaunan tsohon birnin sun kusa 175,000. A 2022 sun gaza 50,000. Gidajen haya sun koma masaukin baƙi, shagon mai burodi da na tela sun koma na sai da tsaraba, samari sun ƙaura tudu. A tagar wani kantin magani kusa da Riyalto akwai allo mai nuna yawan mutanen da suka rage, masu wucewa na duba shi kamar mai jinya na duba awon zazzaɓi. Wannan ya sa daga 25 ga Afrilu 2024 hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙin yini a wasu ranakun cunkoso, daga baya kuma ta hana ayarin 'yan kallo ya wuce mutum 25.

Abin Da Mai Jirgi Ya Sani

Cikin dukan dokokin nan akwai wata ƙarama wadda ta fi sauran bayyana halin da ake ciki. A 2020 aka rage yawan mutanen da gondola ke ɗauka daga 6 zuwa 5, kuma matuƙan ne da kansu suka goyi bayan haka, domin sun lura jirgi na nutsewa fiye da kima yana shan ruwa. Matuƙi ya san iyakar jirginsa, ya san kuma ruwa ba ya karɓar roƙo. A Disamba 2023, da wasu baƙi suka ƙi jin maganar matuƙinsu suka miƙe suna ɗaukar hoto, gondola ta kife da su, Allah ya sa da sauran kwana. Abin da hukumar Benis ta makara ba ta gane ba sai yanzu shi ne, birni ma jirgi ne, yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Wannan magana ta shafi Jihar Neja kai tsaye. Jiha ce ta manyan koguna, inda Kaduna ke zuba cikin Neja a Muregi, mazaunin Kyadya, Nufawan ruwa waɗanda suka shahara da tuƙi tun kafin a shimfiɗa dogo daga Baro ta Minna zuwa Kano a 1911. Ga tafkunan Kainji da Jebba da Shiroro, waɗanda da an gyara kwatocinsu da sun ja masu yawon buɗe ido. Amma labarin da ke fitowa daga ruwayen nan na makoki ne. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Warrah ta Jihar Kebbi da mutane fiye da 150 a ciki. Ranar 1 ga Oktoba 2024 wani ya kife da dare kusa da Gbajibo cikin Ƙaramar Hukumar Mokwa, ɗauke da masu bikin Mauludi, yawancinsu mata da yara. A duka biyun lodi fiye da ƙima na cikin dalilan da aka bayar, alhali hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana da dokar hana tafiyar dare da ta sa rigar ceto.

Mutanen Benis ba su fi Kyadya sanin ruwa ba. Abin da suka riƙe shi ne lasisi ga matuƙi, da ƙidayar fasinja a bakin kwata, da ma'aikacin da zai ja ƙarfe ya ce jirgi ya cika, ko wane ne ke tsaye a baya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, amin.